Kunya Uku na Ƙarshen Gona

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da ladabin ɗa ga uwa. Shekara biyu ke nan da muka kwantar da ke a bayan coci, sai yau na samu ƙarfin halin faɗa miki abin da na aikata.

Kin san yadda kike barin kunya uku na dawa a ƙarshen gonarmu ta hanyar Mahuta, ba a yanka, domin gwauraye su yi kala. In na yi ƙorafi sai ki ce, "Bulus, cikinka ɗaya ne." Ni kuwa a raina cewa nake tsufa ne ke damunki.

Girbin farko bayan rasuwarki na yanke komai, ko zangarniya ɗaya ban bari ba. Har na gina rumbu na uku, ina ta hura hanci. Da fasto ya yi wa'azin mai arzikin nan da ya rushe rumbunansa don ya gina manya, ni na fi kowa ɗaga murya wajen amin.

Ranar wata Alhamis da tsakar rana na hango Gwaggo Saratu, gwauruwar nan maƙwabciyarmu, tsaye a ƙarshen gonar da ƙwaryarta. Na ɗaga mata hannu alamar babu. Ban lura ba sai daga baya, rana na dukan komai amma ita ba ta da inuwa.

Da na dawo gida matata ta ce ai tun Talata aka binne ta, ina can gona kwana biyar ban sani ba. Matan zumunta na coci da suka share ɗakinta ba su tarar da ko mudu ɗaya na hatsi ba.

Bana na bar kunya goma, Mama. Ba wanda ya zo kala, ko tsuntsu bai sauka a kai ba. Gwaggo Saratu tana nan tana zuwa da rana, amma ta daina kallon dawar, ni take kallo. Tsoro nake ji, kunya kuma ta fi tsoron.

Ubangiji ya gafarta mini, ya koya mini cewa ya isa. In tana kusa da ke a can, ki tambaye ta ko ta ci abinci.

Ɗanki,
Bulus, Zuru