Ni Na Ci Shi a Dara, Ko Agogo Ne Ya Ci Shi?

Assalamu alaikum mutanen wannan gurup. Admin, ka ɓoye sunana don girman Allah. Don Allah ku ba ni shawara, dattijo ne ni, na haura saba'in, amma maganar dara ta hana ni sakat.

Ni mutumin Dogarawa ne. Ina da taubashi, ɗan gwaggona, bari in kira shi Illo. Tare muka koyi dara a gindin itacen bedin ƙofar gidansu, ni da tsinke shi da duwatsu. Ni hannuna kamar wuta, kafin ka ɗauke naka na ajiye nawa. Shi kuwa Illo nawa gare shi ta fitar hankali, sai ya tsura wa gurabu ido har ka je ka shayar da jaki ka dawo bai motsa dutse ba. Wasanmu ba ya ƙarewa, kullum magariba ke raba mu.

A zamanin samariya, bayan shekarun yunwar nan, aka shirya karawa da 'yan Alela bayan kaka, aka ce gari ya fitar da mutum ɗaya. Kowa ya san tsakanina da Illo ne. To akwai wani ɗan garinmu mai aiki a izin, wato masana'antar siminti ta Malbaza, ya sayo agogon hannu sabo, neman inda zai nuna shi yake. Shi ya kawo shawarar kowane motsi minti ɗaya, wanda ya wuce a ɗauke masa ɗan dara ɗaya. Dattawa suka yarda, don sun gaji da jiran Illo. Na cinye shi tas a gaban jama'a, na je Alela na ciyo, tun ranar ake ce mini Sarkin Dara. Yau har jikokina da sunan ake kiransu.

Illo bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi ba ni na ci shi ba, agogo ne, wai minti ɗaya saurin hannu yake aunawa, ba zurfin kai ba. Ni kuma na ce wanda ya iya ba ya buƙatar wuni. Daga nan bai sake zama gabana a dara ba. Zumunci bai yanke ba, biki da makoki muna tare, sai dai duk haɗuwa zai ce, "Sarkin agogo, kana lahiya?" Ina dariya, amma wallahi abin yana sukata, don ni kaina ban san gaskiyar ba.

Yanzu Illo yana kwance, an dawo da shi daga asibitin Konni, an ce a yi ta addu'a. Ya sa an zuba yashi a ɗakinsa, an tona gurabu, ya aiko mini wai in zo mu yi wasa ɗaya, ba agogo.

Nan na maƙale. In na je na ci shi, na ƙwace wa mara lafiya abin da ya riƙe tun muna samari, kuma mutane su ce na ci mai jinya. In na sakar masa zai gane, ya san hannuna fiye da matata, kuma wannan ya fi zagi. In ya ci ni da gaske, ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji, ashe sunan da na tsufa da shi aro ne. In na ƙi zuwa kuma, da wane ido zan tsaya a jana'izarsa?

Kullum sai in saka takalmi in kai bakin zaure in komo. Jiya ya sake aiko babban ɗansa, wai a tambayi Sarki yaushe ya koyi dogon tunani.

'Yan uwa, in je in buga da gaske, ko in sakar masa? Ku amsa mini da wuri, don numfashinsa sai ƙara gajarta yake, kuma ni ne ban motsa ba.