Na Yi Shelar Tagwaye, Likita Ta Ce Babu Ko Ɗaya

Inna Smaranda, ki taimake ni. Duk wanda na faɗa wa damuwata, ko ya danne dariya ko ya fashe da kuka, ni kuwa na gaji da duka biyun.

Shekarata talatin da tara, ina koyar da lissafi a firamare a nan Dragasani. Shekara takwas muna neman haihuwa ni da mijina Horia. Da abin gwajin ciki ya nuna layi biyu, bakina bai iya riƙe maganar ko na mako guda ba. Ranar Ista, ana fasa jan ƙwai bisa al'adarmu, dangi sun cika tebur, na miƙe na yi shela kamar mai karanta labarai. Surukata Mama Veta ta bar naɗin kabeji da naman da take dafawa ya ƙone saboda murna. Cikin ya riƙa girma fiye da kwanakinsa, laulayi kamar zai kashe ni, ni kuma gwanar lissafi na buga na raba na ce tagwaye ne. Har na zaɓi waɗanda za su tsaya musu wajen baftisma. Huluna biyu na saƙa, ni da ko maɓalli ban iya ɗinkewa ba.

A mako na goma sha ɗaya na fara ganin jini. Likita a birnin Craiova ta daɗe tana kallon hoton cikin, sannan ta ce babu jariri, bai ma taɓa samuwa ba. Mabiyiya ce ta lalace, ta yi ta tohowa ƙulu-ƙulu kamar nonon inabi. Kakana inabi ya noma, babana ma haka, ashe ni ma sana'ar gida na ɗauko. Kuma wannan abin nake yi wa waƙa kullum da safe.

Aka yi mini wankin ciki. Aka ce duk mako a ɗebi jinina a ga ko sinadarin ciki yana sauka, don a wasu matan ragowar takan zama ciwon daji. Kuma kada in sake ɗaukar ciki sai an sallame ni, wataƙila shekara. Shekara, ga mace mai shekaruna! Sau biyar na je, lambar sinadarin tana sauka, sai ta tsaya cak. Daga nan na daina shiga, mako uku ke nan. Horia yakan sauke ni a ƙofar ɗakin gwaji, yana wucewa in zagaya in sha kofi. Malamar lissafi ce take ɓuya wa lamba ɗaya tak.

Na ce masa mu sake gwadawa yanzu, ya ƙi, har ya koma kwana a falo. Ko ya gaji da ni ne? Mama Veta kuwa ɓari kawai aka ce mata, kullum sai ta aiko da romon kaza da tambayar yaushe za a samu wani cikin. Ni kuma ina kuka a ɓoye, ina jin kunya, don wa nake yi wa kukan?

Mai Tagwayen Baki

'Yata, kin ba ni dariya, amma ba zan bari ki ɓuya a bayanta ba. Ki koma gwajin nan gobe, ba jibi ba. Lambar da ta tsaya ita ce ainihin abin da likitoci suke tsaro. Ko da ragowar ta juye, wannan ciwo yana cikin waɗanda suka fi jin magani, kusan duk wadda aka gano mata shi da wuri takan warke, da yawa kuma sukan haihu daga baya. Abin da yake ɓata shi jinkiri ne.

Tsoronki na shekaru gaskiya ne, ban raina shi ba. Ki tambayi likita kai tsaye tsawon jiran da ya dace da ke. Amma sabon ciki yanzu zai ɗaga wannan sinadari, a kasa gane ciki ne ko ciwo. A nan Horia ya fi ki gaskiya. Ban ga alamar gajiya a mutumin da yake kai ki gwaji duk mako ba, tsoron rasa ki nake gani. Laifinsa shi ne shirun da ya yi. Ki faɗa masa batun kofin, zai ji zafi, sannan ya raka ki har ciki. Mama Veta ma a gaya mata gaskiya, shi ɗanta ya gaya mata.

Kuka kuwa, ki yi shi a fili. Makonni kika yi kina ƙaunar 'ya'yanki, kuma ba hoton likita ne zai ce ƙaunar ƙarya ce ba. Allah ya ba ki lafiya, ya sa lambar nan ta sauka har ƙasa.

Inna Smaranda