Birkin da Ya Nitse a Hanyar Kafin Hausa

Zuwa ga Alhaji, mai garejin gyaran motoci da ke Limawa, Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ranka ya daɗe, ni ne Haruna direba, mazaunin Yalwawa, mai farar motar hayar nan da ke jigila tsakanin Dutse da Kafin Hausa. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka ana cewa ba ka nan, shi ya sa na rubuto ta jarida.

Na farko. A farkon kaka na kawo motata garejinka saboda birkin gaba yana kamewa. Babban makanikenka, Malam Tanimu, ya sauya kalifa biyun, wato ƙarafan da ke matse faifan birki. Da na taka, sai ƙafata ta nitse kamar na taka taɓo. Ya ce iska ce. Ya ƙara man birki, ina buga birkin yana kwance notin fitar da iska, har la'asar. Bai gyaru ba.

Na biyu. Na dawo har sau biyu. Ya canza masta, wato famfon da ke tura man birki, ya canza tiyo. Da na ce masa har yanzu sai na taka sau uku kafin ya kama, sai ya ce sabon kaya ne, tuƙi zai zaunar da shi. Na yarda, domin na daɗe ina kawo muku mota. Wannan yardar laifina ce, ba na musu.

Na uku. Ranar kasuwa na ɗauko fasinja cike. Wani dattijo, Malam Idi, ya fito daga gona da amalanken shanu ɗauke da dammunan gero. Tun daga nesa na hango shi. Na taka, na sake takawa, babu komai ƙarƙashin ƙafata. Motar ta afka wa amalanken. Bijimi ɗaya ya mutu nan take. Malam Idi ya rayu, amma an yanke masa ƙafar dama.

Na huɗu. Wani tsohon makanike a Kafin Hausa ya leƙa ƙarƙashin motar, nan da nan ya nuna mana: an ɗaura kalifar dama a hagu, ta hagu a dama. Notin fitar da iska ya koma ƙasa, alhali iska sama take taruwa. Ko shekara muka yi muna bugawa ba za ta fita ba.

A gaban alƙali Malam Idi ya ce ya yafe, ƙaddara ce. Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na je duba shi, na tarar da shi zaune a tabarma, maƙwabta na yanke masa dawa, yana yi musu sannu. Tun ranar ban sake riƙe sitiyari ba. Ko a mashin aka ɗauke ni, ƙafata neman birki take yi.

Roƙona uku ne. Ka sa a kira duk motar da aka sauya wa kalifa a garejinka a duba. Kada wata mota ta sake fita da birki mai laushi. Sannan ka zo mu je ka gaida dattijon nan. Ba ya neman komai a wurinka. Kullum na je sai ya tambaye ni ko na koma aiki.

Allah Ya tsare ka da iyalinka a kan hanya, Ya raba ka da ganin abin da na gani.

Wassalam.
Haruna direba, Yalwawa, Dutse.