Kada Inna Ta Kalli Na Alhamis

Istanbul

Yaya Nurten,

Ina gaishe ki da kyau. Ya yara da maigidan? An gama tsinkar ganyen shayi? Ya jikin Inna, tana dai shan maganin zuciyarta?

Ni lafiya lau, sai tari kaɗan, ba abin damuwa ba ne.

Yaya, don Allah kada ki bar Inna ta kalli wasanmu na talabijin ran Alhamis. Kin san ni nake fitowa a matsayin ɗan autan mai kamfanin talla. To, masu kallo sun ragu, marubuta suka ce sai an yi mutuwa a gidan. Ni aka zaɓa. Na roƙi darakta, ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Erkut, kai dai ka mutu da kyau, Allah zai kawo wani aikin." Zai kawo, in sha Allah. Kada ki damu.

Jana'izar ce ke tayar min da hankali. Kin san yadda a ƙasarmu masu zuwa jana'iza ke maƙala hoton mamaci a ƙirjinsu. Da suka nemi hotona, ban yi tunani ba na miƙa na gama makaranta, irin wanda Inna ta rataye a ɗakinta. Ni kaina da na gan shi a ƙirjin mutane sai da na kau da kai.

Ki kai ta unguwa, ko ki ce talabijin ya lalace. Ki roƙi maƙwabta kada wani ya zo da zancen. In duk ya gagara, ki kira ni, ki kara mata wayar a kunne. Zan yi ta surutu har a gama binne ni.

Ƙaninki,
Erkut