Lissafin Mutum Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya ce zafi na ƙara wa Baba wahalar numfashi. Yaya ya ce zai sayi esi, na'urar sanyaya ɗaki, amma ni zan zaɓa, wai tunda "Injiniya" ta gama karatu, a ga amfanin takardar. Na auna ɗakin Baba sau uku. Mita huɗu da mita uku, murabba'i goma sha biyu. Taga ɗaya, tana kallon yamma.

Laraba, 5 ga Maris

A shago, mai sayarwa sai mai ƙarfin doki ɗaya, mai ƙarfin doki biyu yake ta faɗa. Na ce ya nuna mini BTU, wato yawan zafin da na'urar ke iya kwashewa a awa ɗaya. Ya yi dariya, ya ce 'yar boko ce ashe.

Lissafina: BTU 600 kowane murabba'i, 7,200. Ƙarin kashi goma cikin ɗari saboda rana, 7,920. Mai 9,000 ta isa. Yaya ya so mai 12,000. Na ce babba tana saurin kashe kanta, ta bar ɗaki da danshi, ƙirjin Baba ba zai so ba. Ya ɗaga kafaɗa.

Asabar, 8 ga Maris

An ɗaura mai 9,000. Digiri 24 cikin minti talatin da biyar. Baba ya yi barci baki buɗe.

Juma'a, 14 ga Maris

'Yan dubiya. Na ƙirga mutum tara a ɗakin, har da Baba. Digiri 30, na'urar tana ta gurnani ba hutu. Gwaggo tana fifita da gefen mayafi, ta ce wannan esin ma yana bukatar a duba shi.

Lissafin na mutum biyu ne. Kowane ƙarin mutum 600. Wannan ƙa'idar tana shafi na gaba a littafina, na ma ja layi a ƙarƙashinsa tun aji uku. Tara: 12,120.

Lahadi, 16 ga Maris

Na tsaya a ƙofa ina shigar da su uku-uku. Kawu ya tambaya ko sai ya yanki kati. Baba ya yafito ni da yatsa, na sunkuya.

"Bar su su shigo, auta. Zafin nasu nake so."

Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na canza masa sau biyu. Ban faɗa wa Yaya 12,120 ɗin ba, shi ma bai tambaya ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Baba ya rasu, ƙarfe goma da kwata na safe. Mutum goma sha ɗaya a ɗakin.

Litinin, 31 ga Maris

Kowa ya watse. Ban yi kuka ba. Na wanke ragar esin, ko datti babu.

Laraba, 2 ga Afrilu

Mama ta koma ɗakin ita kaɗai. Da azahar na leƙa, ta lulluɓa da bargon Baba. Ta ce abin nan ya cika sanyi yanzu, ko ya lalace ne.

Bai lalace ba. Na ɗauki rimot zan ƙara digiri, sai na ajiye. Na jawo kujerar 'yan dubiya na zauna kusa da ita.

Har la'asar ban duba ma'aunin zafin ɗakin ba.