Dara a Kwalin Ƙwai

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Ina gaishe ki a durƙushe kamar yadda na saba, ko da yake yanzu ba teku kaɗai ke tsakaninmu ba. Ina fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Mu nan lafiya, alhamdulillahi. Yara sun girma, suna jin Hausa, amma amsar da Turanci take fitowa.

Tambaya ce ta kawo ni. Na san ba amsa zan samu ba, amma tun ina ƙarama idan abu ya ɗaure min kai, gabanki nake zama in yi ta magana kina tankaɗe, har in gano bakin zaren da kaina.

Kin rasu ban fara wannan aikin ba, bari in gaya miki. Gidan kula da tsofaffi ne a wajen Largo, wani gari kusa da Washington. Daga Silver Spring, inda muke zaune, nake hawa jirgin ƙasa na Metro da safe, in canza jirgi a cikin Washington, in sauka a tashar ƙarshe. Na san da kin ji za ki ce, "Subhanallahi, ina 'ya'yansu?" Ni ma haka na ce da farko. Yanzu na rage saurin yanke hukunci, don na ga 'ya'yan da suke tashi daga aiki a gajiye su biyo nan kafin su ga gidajensu.

Ban da wanka da ba da abinci, an ɗora min wasanni da 'yan sana'o'in hannu bayan abincin rana. Ba wasu kayan tsada ba ne. Tsofaffin safa muke cikawa da shinkafa mu ɗaure, su riƙa jefawa cikin kwandon wanki. Tsummoki mu yayyaga, su kitsa igiya, mu naɗe ta mu ɗinke ta zama kamar faifai. Akwai wata tsohuwa da ba ta ƙara gane 'yarta, amma in na miƙa mata tsumma uku sai yatsunta su kama kitso ba kuskure. Har yau abin yana ba ni mamaki. Shin a ka sani yake zama, ko a hannu?

Wata rana a kicin na ga babban kwalin ƙwai an ajiye za a zubar. Na tsaya na duba ramukan: layi biyar, kowanne rami shida. Inna, dara ce sak, ba sai an haƙa ƙasa ba! Na tara murafen robar madara, ja sha biyu, shuɗi sha biyu, don ba a yarda da tsakuwa ko tsinke ba, kada wani ya kai baki.

Akwai wani dattijo, Harold, baƙar fata ɗan ƙasar nan, wanda ya yi aikin gwamnati a manyan ofisoshin unguwar Southwest ta Washington har ya yi ritaya. Shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa hannun dama, ta nauyaya masa harshe. Kowa Harold yake ce masa gatsau, har yaran da ya yi jika da su. Ni bakina ya ƙi, Baba Harold nake cewa. Ba ya fitowa daga ɗaki. Masu motsa masa jiki sun ce in bai riƙa tashi yana aiki da hannun ba, ɗan ƙarfin da ya rage ma zai tafi, daga nan sai kwanciya. Jefa safa kuwa, cewa ya yi a kai wa yaran gidan reno.

Dara ce ta fito da shi. Ya hango ni daga ƙofa ina jera murafe ni kaɗai, ya turo kekensa ya tambayi yadda ake yi. Na ce ka jera uku a layi, ka ɗauke ɗaya nawa. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce a baki dai shi ke nan. Ba a daɗe ba ya zama shi yake riga ni zuwa teburin. Da hannun mai ciwon yake ɗaukar murfi, yana rawa, murfin ya faɗi, ya sake ɗauka, ba ya yarda a taimake shi.

Ni kuwa kin san tarbiyyar da kika yi min. Yaya zan zauna gaban sa'an mahaifina in cinye shi, mutane suna kallo? Sai in ga hanya a buɗe in kau da kai, in matsar da murfina inda na san zai ci. Ya ci, in yi masa barka. Ban ɗauki abin komai ba. A wurina kamar matsa wa babba wuri ne a tabarma.

Ashe shi koyo yake da gaske. Rannan ya bar min hanyar jera uku a fili, da gangan, ya janye hannunsa ya zuba min ido. Na kauce kamar yadda na saba. Ya turo kwalin gabana a hankali, ya juya kekensa ya koma ɗaki. Washegari bai fito ba. Mako ya zagayo bai fito ba, masu motsa jikin ma ya sallame su.

Akwai Sista Saratu, nas ce 'yar Kafanchan, da ita nake Hausa a wurin. Ta tare ni a hanya ta ce, "Ke Hajiya, za ki kashe tsohon nan da ladabi." Na ce ai girmamawa ce. Ta ce, "To je ki gaya masa haka, ni magani zan raba."

Na je na ƙwanƙwasa. Maganarsa a hankali take fita, sai an jira kowace kalma. Ya ce tun da ya faɗi kowa ya daina yi masa gardama. 'Yarsa da a da kullum sai sun yi musu kan siyasa, yanzu duk abin da ya faɗa sai ta ce haka ne. Ya ɗaga cokali, a tafa masa. Ya ce, "Na ɗauka a teburin nan ne kaɗai ba a yi min ƙarya."

Kalmar nan ta ƙarya ta dame ni. A makarantar allo Malam ya tsoratar da mu kan tauye mudu, kuma na kiyaye iyakar iyawata. Amma ban taɓa jin hukuncin wanda ya cika wa mutum mudu da abin da bai nema ba, ya bar shi yana zaton guminsa ne.

Ina cikin jirgi zan koma gida sai Kaka ya faɗo min a rai, mahaifinki, lokacin da ƙafafunsa suka daina kai shi bakin kasuwa wurin 'yan dara. Ke kika haƙa masa ramuka a gindin lemon tsakar gida, kina zama ki yi da shi bayan la'asar. Kullum shi ke ci. Ki ce, "Baba, ai ba a iya maka," shi kuma ya yi hamma. Amma in ni na zauna, da yake ba kunya tsakanin jika da kaka, sai in cinye shi in yi masa gwalo. Nan da nan gida ya cika da hayaniyarsa: "Wannan matar tawa ɓarauniya ce, na sake ta!" Sai kuma ya ce a sake jerawa, har a kira magariba.

To ga tambayata. Ke kika koya min dara, kuma ban taɓa cin ki ba ko sau ɗaya. Yaya aka yi Kaka da nake ci yake cin ki kullum? Kuma ya sani? Ni dai ina jin ya sani. Ina jin yana karɓar ladabinki ne kamar yadda ake karɓar ruwan da 'ya ta kawo ko ba a jin ƙishi. Amma shi yana da ni. Baba Harold ba shi da kowa a wannan gurbin. Duk mun taru mun zama masa 'ya'ya masu ladabi.

Sai na koma ɗakinsa da kwalin a hannu. Na ce masa a garinmu 'ya ba ta cin ubanta a wasa, amma jika tana ci har ta yi dariya, don haka ya zaɓi wadda yake so. Ya dube ni ya ce, "Kin yi tsufa da zama jika." Ya nuna min teburin gefen gado da haɓarsa.

Na cinye shi tas, Inna. Muka sake, na kuma cinye shi. Ya faɗi wata kalma da ba zan rubuta miki ba, ya ce gobe a falo za a yi, gaban kowa.

Tun daga ranar yake fitowa, ni kuma ina ta cin sa. Ya koma wurin masu motsa jiki da kansa, wai jinkirin hannun ne yake sa ya manta dabarar da ya shirya. Ya sa 'yarsa ta samo masa nasa kwalin, yana gwadawa shi kaɗai a ɗaki.

Jiya kuwa ya ɗana min tarko, irin wanda murfi ɗaya yake kai da komowa yana ci a kowane taku. Ban gani ba sai da ya rufe. Na nemi mafita ta ko'ina, babu. Ya cinye ni. Bai yi murna nan take ba, fuskata ya tsaya yana bincike. Ni kuwa, Allah Ya gani, haushi ne ya kama ni, na gaske, har kunnuwana suka yi zafi, na ce a sake. Da ya ga haka sai ya fashe da dariya, rabin bakinsa yana yi ɗaya rabin yana biye a baya, har Saratu ta leƙo ta ga ko lafiya. Ya ce ba za a sake ba, yau da nasararsa zai kwana.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya jiƙan Kaka, Ya tara mu a gidan da babu ciwo. Allah Ya ba tsofaffin da ke hannunmu sauƙi, Ya hana mu cutar da su ko da kyakkyawar niyya. In namu tsufan ya zo, Ya bar mana wanda zai yi mana gardama. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Rakiya