Awon Da Ba Gyara

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Na kai ƙanena Dogo wurin likita. Idanunshi sun yi ɗorawa. Hanta ce. Likita ya ce in bai rage sodabi ba, barasar nan mai ƙarfi, da wuya ya ga shinkafar baɗi. Na ce to ya bari yau ɗin nan. Ya ce a'a, wanda ya daɗe shina sha haka, in ya yanke lokaci guda jijjiga na iya kashe shi. Awo biyu a yini, a riƙa ragewa. Ya ɗaga wani ɗan kofi mai zane a jiki, wai shi ne awo ɗaya. Ko kallo bai ishe ni ba. Na tsufa ina awon shinkafa a kasuwar Malanville, sa'an jikana za ya koya mani awo?

Alhamis, 8 ga Mayu

Bara'atu matar Dogo ta zo. Wai in riƙe kwalbar wurina, in riƙa auna mashi da kaina, ni kaɗai yake tsoro. Na ce hannun da ya taɓa Ɗakin Allah? Ta ce, "Yaya, gawa ma da hannu aka ɗaukar ta." Na kore ta. Bakin matar ga ya fi tonka yaji.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ƙafafun Dogo sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Ya rantse biyu yake sha. Na ce mashi maƙaryaci gaban 'yan kabu-kabu. Bai yi hushi ba. "Yaya, ka tsince ni cikin kwata, ka tsince ni wurin jandarma. Ka taɓa kama ni da ƙarya?"

Ban taɓa ba. Shi ya hana ni cin abinci.

Asabar, 17 ga Mayu

Na bi shi har bayan tasha, na laɓe jikin wata motar albasa kamar kura ta ga mai sanda. Biyu ya sha, gaskiya tai. Amma kofin matar da ke saida sodabin ya yi biyun na likita. Ta cika shi, ya kurɓa, sai ta ƙara mashi bisa: "Ga gyara, tsohon ciniki." Ya yi godiya hannu biyu. Daga baya ya ɗora babbar kwalbar giya, wai wannan ruwa ce, ba ta cikin ƙidaya.

Na koma wurin likita, wannan karon na dubi kofin da kyau. Ya ce ba girman abin sha aka ƙirgawa ba, ƙarfin da ke ciki ne. Kwalbar giyar nan ita kaɗai ta wuce awo biyu. Wato biyun Dogo sun kai bakwai.

Gyara! Ubanmu ne ya koya mana ita da bulala: awo ba gyara rowa ce, kuma mai ƙin karɓar gyara ya zagi mai bayarwa. Tarbiyyar gidanmu ce ka cin hantar ƙanena.

Laraba, 21 ga Mayu

Abdulaye mai albasa ya gan ni ranar nan ashe. A ƙofar masallaci: "Alhaji Na-Allah, ƙishirwa ce ta kai ka bayan tasha?" Anka yi dariya. Ba wanda ya tambayi jikin Dogo.

Lahadi, 25 ga Mayu

Dogo ya yi aman jini, an kwantar da shi asibiti. Bara'atu ta gaishe ni kawai ta wuce. Gara ta zage ni.

Litinin, 2 ga Yuni

An sallamo shi shekaranjiya. Kwalbar tana wurina yanzu, bayan buhunan shinkafa, ba don komi ba, nan ne ba mai taɓawa. Likita ya ba ni kofin, ya ce yanzu awo ɗaya, rabi da safe rabi da marece, mako mai zuwa a sake ragewa.

Dogo ya zo bayan la'asar. Na zuba daidai zane. Ya duba, ya dube ni.

"Yaya, ba gyara?"

"Babu."

"Baba za ya tashi daga kabari."

"Ya taso. Ina da magana da shi."

Jiya da toka na wanke hannu. Yau ruwa kawai, mantuwa ce. Shinkafar da na auna wa Bara'atu kuwa, sai da tiya ta yi tozo tana zuba ƙasa.